Tsohon jirgi mai inji biyu masu da'ira: tambayoyi da amsoshi ga mai sha'awar mallakarsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da irin wannan jirgi lokacin da ake tayar da shi ba ya mantawa: farfela ta juya a kasale, injin ya yi tari sau biyu, farin hayaƙi ya turnuƙe, sannan wata irin ƙara mai kauri ta cika wurin har ka ji ta a ƙirjinka. Daga nan sha'awa take shiga, daga nan kuma tambayoyi suke farawa. Na tattaro waɗanda aka fi yi mini, na ɗauki jirgi ɗaya, Beechcraft 18, a matsayin misali, domin shi ne wanda mutum ɗaya zai iya mallaka ba tare da ya zama kamfani ba.

Wane irin jirgi ne wannan Beechcraft 18 ɗin?

Kamfanin Walter Beech da matarsa Olive Ann ne ya ƙera shi a Wichita, jihar Kansas ta Amurka. Ya fara tashi ranar 15 ga Janairu 1937, aka ci gaba da ƙera shi har 1969, wato sama da shekara 30 ba a daina ba, aka fitar da fiye da 9,000. A yaƙin duniya na biyu sojojin Amurka sun saye shi da yawa da sunaye daban-daban, C-45 na ɗaukar hafsoshi da kaya, AT-7 da AT-11 na koyar da masu duba hanya da masu jefa bam. Bayan yaƙi ya zama jirgin attajirai da manyan kamfanoni. Da ya tsufa ya koma dakon wasiƙu da kaya cikin dare, aikin da ya ci da yawa daga cikinsu. A Kanada har yau akwai waɗanda aka cire wa tayoyi aka sa musu kwale-kwale suna sauka a kan tafki.

Ana gane shi da jela biyu, da ƙaramar taya a ƙarƙashin wutsiya wadda take sa ya zauna yana ɗaga hanci sama. Yana ɗaukar mutum shida zuwa goma sha ɗaya, gwargwadon yadda aka jera kujeru.

Yana da 'yan'uwa. Lockheed 12 yana amfani da inji iri ɗaya amma 130 kacal aka yi, Grumman Goose yana sauka a ruwa da ƙasa, Cessna T-50 fiffikensa na katako ne. Sai manya irin su DC-3 na fasinja da B-25 na jefa bam, waɗanda lissafinsu daban ne.

Me ake nufi da inji mai da'ira?

Injin mota silindoji ne a jere. Wannan kuwa an kewaye su ne kamar hasken tauraro, duk suna kallon tsakiya, iska ce take sanyaya su, babu lagireto, babu ruwa. Wanda ke jikin Beech 18 shi ne Pratt & Whitney R-985, wanda ake yi wa laƙabi da Wasp Junior. Silinda tara gare shi, girmansa ya kai lita 16, ƙarfinsa doki 450. Lambar 985 ɗin ma girman ne a ma'aunin inci.

A cikinsa akwai wata dabara da ke burge duk bakanike. Karanshaf ɗin wuya ɗaya gare shi. Kwanrod guda ɗaya, uban gayya, shi ne ya rungumi wuyan, sauran takwas kuma a jikinsa aka maƙala su. Idan uban nan ya samu matsala, gidan gaba ɗaya ya rushe.

Me ya sa tara, ba takwas ko goma ba? Saboda injin yana cin wuta ne yana tsallake silinda ɗaya: 1, 3, 5, 7, 9, sannan 2, 4, 6, 8, ya dawo kan 1 bayan karanshaf ya zaga sau biyu. Da adadin mai rabuwa biyu ne, da tsallaken bai rufe daidai ba. Shi ya sa za ka ga biyar, bakwai, tara a kowane layi. Injin DC-3 mai silinda 14 ma layi biyu ne na bakwai-bakwai.

Na ga ana juya farfela da hannu kafin a tayar. Al'ada ce kawai?

Ko kusa. Wannan shi ne abu na farko da ake koya wa sabon shiga, kuma shi ne abin da ba a yafewa.

Tunda silindojin a kewaye suke, dole wasu su kasance kansu a ƙasa. A R-985 na biyar da na shida ne suka fi sunkuyawa. Jirgi yana ajiye, baƙin mai yana tsiyaya a hankali yana bi ta gefen fistan yana taruwa a kan waɗannan silindoji. Iska tana matsuwa, baƙin mai ba ya matsuwa. Idan ka danna sitata fistan ya zo ya tarar da mai ya cika gurbinsa, ga sauran silindoji sun kama wuta suna tura shi, wani abu dole ya ba da kai, kuma kwanrod ne yake bayarwa. Wani lokaci ba ya karyewa nan take. Lanƙwasa yake yi kaɗan, injin ya tashi lafiya lau, a yi ta tafiya da shi awa goma ko hamsin, sai wata rana a sama ya balle.

Don haka da safe, bayan an leƙa an tabbatar makunnin wuta a kashe yake, mutum yakan kama ruwan farfela ya ja shi zuwa inda take juyawa, yana ƙirga ruwan farfelar da ya ja, wasu tara, wasu goma sha biyu. Za ka ji kowace silinda tana turjewa sannan ta saki da wani numfashi, kamar an buɗe murfin tulu. Bawul yana ƙwanƙwasa a ciki. Hannunka ya yi baƙi, takalminka ya sha ɗigo. Abin da kake nema shi ne wurin da farfelar za ta tsaya cak kamar ta daki bango. In ka ji haka, kada ka matsa, kada kuma ka mayar da ita baya da sunan dabara, domin mayarwa baya tura man take yi cikin bututun shaƙar iska, ya laɓe a can, ya dawo daidai lokacin da injin ya tashi. A kwance fulogin ƙasa, a bar man ya zube a bokiti, a wanke, a mayar. Aikin rabin awa ne da ke hana asarar inji sukutum.

Kuma farfela ba abar wasa ba ce ko da makunni a kashe. Wayar da ke kashe wutar tana iya tsinkewa ba a sani ba. Ana kama ta ne kullum kamar za ta tashi.

Gaskiya ne kullum yana zubar da baƙin mai?

Gaskiya ne. Masu shi ma sun mayar da abin barkwanci, suna cewa ranar da ya daina ɗiga, to ya ƙare ne a tanki. An ƙera injin da sarari tsakanin ƙarafunsa saboda zafi yana buɗa su, ga haɗe-haɗe masu yawa a waje, kowanne da inda zai iya tsatsafowa. Kowane inji yana da tankin baƙin mansa daban a bayansa, kuma ana auna shi da galan ne, ba da 'yar gorar da ake zuba wa mota ba. Lita ɗaya ko fiye a kowace awa ga kowane inji ba abin tayar da hankali ba ne. Abin lura shi ne canji. Injin da ka saba yana cin lita ɗaya ya koma cin uku, wannan magana yake yi maka.

Bayan kowace tafiya akwai shara: cikin jirgi, bayan injin, ƙafafun taya. Wanda ba ya son tsumma a aljihu ya nemi wani jirgin.

Nawa ake sayar da shi?

Nan ne tarkon yake. Sau da yawa za ka samu Beech 18 mai tashi a kuɗin da bai kai na sabon Cessna 172 ba, ƙaramin jirgin koyo mai kujera huɗu. Mutum ya ga inji biyu, kujera takwas, tarihi, ya ce ya tsinci dami a kala. To arha ce ta dokin da ke cin buhun dawa a rana. Kuɗin saye shi ne mafi sauƙi a cikin duk abin da za ka kashe.

A ganina, wanda zai saya ya raba kuɗinsa biyu tun farko, rabi na jirgi, rabi na shekara biyun farko. In rabin bai isa ya sayi jirgin ba, lokaci bai yi ba. Kuma mai tsada wanda aka riƙe da kyau, yana tashi kowane mako, ya fi mai arha da ya shekara goma a kwance a bayan fili. Zama yana kashe inji fiye da aiki, tsatsa tana cin cikin silinda, robobi suna bushewa, tsuntsaye suna sheƙa a jela.

Kafin ka biya, ka ɗauki bakaniken da ya san irin jirgin, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ka biya shi kuɗin mota da masauki ya je ya kwance ya duba. Sannan ku zauna da kundin tarihin gyaransa shafi-shafi. Jirgin da ya haura shekara 60 yakan zo da kwali guda na takardu. Inda aka samu giɓin shekaru ba a rubuta komai ba, farashi ya faɗi.

Mai fa, nawa yake sha?

A tafiya ta yau da kullum, galan 40 zuwa 50 a awa, injinan biyu a haɗe. Wajen lita 170 ke nan, duro guda saura kaɗan, kowace awa. Yana gudun kusan kilomita 280 zuwa 300 a awa. Kuma ba man jiragen fasinja yake sha ba, wanda dangin kananzir ne. Fetur ne na musamman mai launin shuɗi, 100LL. In aka ce galan dala 6 ne, awa ɗaya ta cinye dala 270 tun ba a yi maganar baƙin mai, inshora, rumfa ko abin da ake warewa na gyaran inji ba.

Rumfar ma abin tunani ce. Faɗin fiffikensa mita 14 da rabi ne, na baya-bayan nan sun ɗan wuce 15, ba ya shiga ƙananan rumfunan da aka gina wa jirage masu inji ɗaya. Barinsa a waje kuwa cutarwa ce, domin sassan da ke motsi a fiffike da jela na yawancinsu ba ƙarfe ba ne, yadi ne aka ɗaure aka shafe da fenti, rana tana cinye shi.

Ina yawan jin maganar ƙashin fiffike. Mene ne matsalar?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ka fara yi wa mai sayarwa, kafin fenti, kafin kujeru.

Abin da ke riƙe da fukafukai da injina da ƙafafun Beech 18 wani ƙashi ne na bututun ƙarfe da aka yi wa walda, ya ratsa tsakiyar jirgin. Ƙarfi gare shi sosai, amma bututu yana tsatsa daga ciki inda ido ba ya gani. Ga kuma mutane da suka riƙa huda shi da sunan ɗaura wani abu, kowace huda ta zama mafarin tsagewa. A shekarun da jirgin yake dakon kaya ba dare ba rana an samu fukafukai da suka rabu da jirgi a sama, aka yi asarar rayuka. A 1975 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fitar da umarnin dole: a riƙa ɗaukar hoton cikin ƙarfen da irin na'urar da ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, lokaci-lokaci, sannan a ɗaura masa ɗamarar ƙarfe daga ƙasa wadda za ta raba masa nauyi.

Saboda haka ka tambaya: ɗamarar wane kamfani ce, yaushe aka ɗauki hoto na ƙarshe, wa ya karanta shi, kuma an taɓa kwance ɗamarar an duba ƙarƙashinta? Ita kanta tana iya tara danshi. Jirgin da ƙashinsa ya ruɓe, gyaransa yakan fi kuɗin jirgin. Irinsu ne ake yankawa a sayar da kayan.

Wane lasisi ake buƙata?

A dokar Amurka, inda mafi yawansu suke, abin mamaki ba shi da yawa. Lasisin matuƙi mai zaman kansa da izinin inji biyu, sai sa hannun malami a kan abu uku: tuƙa jirgi mai tayar wutsiya, jirgi mai ƙarfin da ya wuce doki 200, da jirgi mai naɗe ƙafafu da farfela mai sauya kusurwa. Jarrabawa ta musamman a kan irin jirgin tana wajaba ne idan nauyinsa ya wuce fam 12,500, kimanin kilo 5,670. Beech 18 mafi nauyi da masana'anta ta fitar, H18, fam 9,900 ne. Ya tsallake.

Amma doka daban, kamfanin inshora daban, kuma shi ne sarkin gaske. Zai tambaye ka awa nawa ka yi a sama, nawa a inji biyu, nawa a tayar wutsiya, nawa a wannan jirgin kansa. In amsar ta ƙarshe sifili ce, zai ɗora maka awoyi masu yawa tare da malamin da ya yarda da shi kafin ka tashi kai kaɗai, wasu awoyin kuma kafin ka ɗauki ko matarka. Ni ban ga laifinsu ba. Sun biya kuɗin fukafukai da yawa da aka goga a ƙasa.

Yana da wuyar tuƙi ne?

A sama, a'a. Mai ladabi ne, hannunsa da laushi, yana zama inda ka ajiye shi. Akwai ma wani matuƙi, Matt Younkin, da yake wasan juyi da shi a bukukuwan jiragen sama na Amurka, yana mirgina shi kamar ƙaramin jirgi.

A ƙasa ne yake nuna hali. Tsakiyar nauyinsa tana bayan manyan tayoyi. Ka ɗauki misalin tura baro da gudu: da ya ɗan karkace, bayan yana son ya wuce gaban. Haka jirgin yake. In hanci ya fara zamewa hagu ba ka tare shi da ƙafa nan take ba, wutsiya za ta zagayo, jirgin ya yi kwana a wuri ɗaya, ƙafa ta karye, fiffike ya daki ƙasa, farfela ta ci kwalta. Farfela kuwa in ta taɓa ƙasa, sai an sauke injin an buɗe.

Lokaci mafi hatsari shi ne bayan an sauka, gudu yana raguwa, wutsiya tana saukowa. A daidai nan fiffike da jikin jirgi suna tare wa jelar iska, feda ta yi sanyi a ƙarƙashin ƙafarka, ga tayar baya ba ta riga ta kama ƙasa ba. Daƙiƙa uku ko huɗu ne, amma a cikinsu ake gane wanda ya iya. Abin da ya rage maka shi ne birki a hankali da ɗan ƙara totur a inji ɗaya. Akwai kuma makullin tayar wutsiya, wanda ake kullewa kafin tashi da sauka, a buɗe in za a yi kwana. Mantawa da shi ya kunyata manyan matuƙa.

Saboda wannan hali ne wani kamfani mai suna Volpar ya riƙa mayar da su masu taya a hanci, har ita Beech ta fara fitar da H18 a haka ga mai so. Sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai, a wurina, kyan ya tafi.

Inji biyu ai ya fi aminci. In ɗaya ya mutu ba sai a ci gaba da ɗayan ba?

Ya danganta da inda ya mutu da wanda ke zaune a kujera. A can sama, da sarari a ƙarƙashinka, gaskiya ne, za ka kai filin jirgi mafi kusa. Amma in ya mutu daidai an bar ƙasa, jirgi cike, rana ta take, labari ya sha bamban. Rasa rabin ƙarfi yana cinye kusan dukkan ƙarfin hawa, domin abin da jirgi yake hawa da shi rarar da ta saura ce bayan ya riƙe kansa.

Injin da ke raye yana jan jirgin zuwa ɓangaren matacce. Matuƙi zai taka feda ya tare, kuma ƙafar da ta zauna ba aiki ita ce take nuna masa injin da ya mutu. Sai ya janye totur ɗin wannan ɓangaren ya tabbatar, ya juya ruwan farfelar ya fuskanci iska da kaifinsa don ta daina juyawa tana ja baya, ya naɗe ƙafafu, ya riƙe gudu. Akwai gudun da in aka faɗo ƙasa da shi jela ba ta iya riƙe jirgin, sai ya kife. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi. An sha samun wanda ya ruɗe ya kashe mai lafiyar. Shi ya sa masu hankali suke komawa wurin malami kowace shekara ana kashe musu inji da gangan.

Akwai wata lallaɓa ta musamman da injin yake so?

Haƙuri yake so. Ba a ƙara masa wuta sai baƙin mai ya yi ɗumi, wajen digiri 40, ko da za a yi minti goma sha biyar ana jira. Wajen tashi ana tura totur a hankali zuwa inci 36 da rabi a agogon matsin iska, juyi 2,300 a minti, ba a wuce nan ba, domin yana da fanka a ciki mai cusa masa iska kuma zai karɓi fiye da abin da zai iya ɗauka in ka ba shi. Wajen saukowa ba a janye totur gaba ɗaya a bar iska tana juya farfela, farfela tana jan inji. Wannan yana cutar da uban kwanrod ɗin nan, yana kuma sanyaya silinda da gaggawa har ta tsage. Akwai ƙofofin iska a bayan murfin inji da ake buɗewa da rufewa gwargwadon zafi. Kafireto ma yana iya yin ƙanƙara a ciki ko da rana ana zafi, in akwai danshi.

Kowace silinda fulogi biyu, 18 a inji, 36 a jirgi. Dalmar da ke cikin man tana toshe su, na ƙasa kuma baƙin mai yana jiƙa su. Wanke fulogi zai zama maka kamar wankin kwano.

Ana samun kayan gyara kuwa?

Na inji, alhamdu lillahi. An ƙera R-985 kusan 39,000 daga 1929 zuwa 1953, kuma shi ne a jikin de Havilland Beaver da har yau yake aikin kuɗi a Alaska da Kanada, saboda haka kasuwarsa ba ta mutu ba. Ana sauke shi a warware gaba ɗaya bayan awa 1,200 zuwa 1,600. Ka tuna biyu ne, kuma sukan tsufa tare.

Na jiki kuwa rabi sabo ne da ya kwana a sito tun zamanin soja, rabi daga gawar wasu jiragen. Abin da ya fi ƙaranci ba ƙarfe ba ne, mutane ne. Waɗanda suka san yadda ake saita sarƙar da ke naɗe ƙafafunsa, ko su ji ƙarar inji su ce silinda ta bakwai ce, yawancinsu sun yi furfura, garejin da suka ƙware a wannan aiki kuma raguwa suke yi. In ka samu irin wannan dattijo kusa da kai, ka riƙe shi da hannu biyu, ka zama yaronsa mai miƙo sifana. Ba wanda ya mallaki wannan jirgi shi kaɗai. Sunanka ne a takarda, amma bakanike ne yake cewa yau za a tashi ko ba za a tashi ba.

To me zai hana in haura kai tsaye zuwa DC-3?

Aljihu. DC-3 ya fara tashi ranar 17 ga Disamba 1935, an yi fiye da 16,000 in aka haɗa da na soja da waɗanda Rasha da Japan suka ƙera. Injinsa doki 1,200 ne kowanne, yana shan wajen galan 100 a awa, faɗinsa mita 29, sai da matuƙa biyu, sai da jarrabawa ta musamman. Shi ya sa mafi yawansu a hannun ƙungiyoyi da gidajen tarihi suke, ko kamfanoni irin Buffalo Airways na arewacin Kanada.

Mu ma ba baƙonmu ba ne. A yaƙin duniya na biyu DC-3 na Pan American sun riƙa bin hanyar da ta taso daga gaɓar Gana ta bi Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ita ce Njamena, El Fasher, har Khartum. Daga baya Nigeria Airways ta yi jigilar cikin gida da shi. Dattawan da suka zauna kusa da filin jirgin Kano sun san wannan ƙarar.

Zan iya kawo Beech 18 gida in riƙa tashi da shi?

Kawowa mai yiwuwa ce. Hanyar da ake bi ita ce ta arewa, Goose Bay a Kanada, Girinlan, Aislan, Sikotlan, sannan a gangaro. A 2019 DC-3 da C-47, wato DC-3 na soja, guda 15 sun bi ta don bikin cika shekara 75 da saukar sojojin ƙawance a Normandi.

Riƙewa ce matsalar. Na farko mai: 100LL yana da wuyar samu a Najeriya da Nijar, sai an shigo da shi a duro da tsada. Ita kanta kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ta koma sayen jiragen Diamond masu shan man jiragen fasinja. Na biyu bakanike mai lasisi a kan wannan inji. Na uku yanayi. Filin jirgin Kano bai kai mita 500 a kan teku ba, amma ranar da zafi ya kai digiri 40 iska takan yi sirara har fiffike da farfela su ji kamar suna kan tudun mita 1,500. Ka koma ka karanta abin da na ce kan mutuwar inji ɗaya, ka ɗora wannan a kai. Ƙurar hunturu kuma in ta haɗu da baƙin man da ke jikinsa ta zama yashin goge ƙarfe.

An ce za a hana man da ke da dalma. Jiragen za su zauna ke nan?

FAA da masu harkar jiragen sama sun sa ƙarshen 2030 a matsayin lokacin da suke son a rabu da dalma, kuma tun 2022 aka amince da wani mai marar dalma, G100UL. R-985 yana cikin masu sa'a. Matsin cikin silindojinsa ƙasa-ƙasa ne, an yi shi ne tun zamanin mai mai lamba 80/87, bai taɓa buƙatar dalmar da ke cikin 100LL ba. Masu manyan injinan yaƙi irin na B-25 su ne hankalinsu ya fi tashi.

Daga ina zan fara?

Ba daga shafin talla ba. Ka fara da ƙaramin jirgi mai tayar wutsiya, irin Piper Cub ko Citabria, ka yi ta sauka da shi cikin iska mai bugowa daga gefe har ƙafafunka su daina jiran umarni daga kai. Sannan izinin inji biyu. Sannan ka nemi masu shi. A ƙarshen Yuli suna taruwa a Oshkosh, jihar Wisconsin, a watan Oktoba kuma a gidan tarihin Beechcraft da ke Tullahoma, jihar Tennessee, inda za ka ga an jera su a kan ciyawa, kowanne da faranti a ƙarƙashin inji yana tarar ɗigo. Ka je da tsohuwar riga. Da sassafe za a nemi wanda zai taya jan farfela.